Saniyar da Aka Kai wa Sabon Kwamishina

Ina tsakiyar kara, kasuwar shanu, a Gummi, ina ƙoƙarin shawo kan wani mahauci ya sayi bijimin da ni kaina na san haƙoransa sun gama aiki, sai mai shayi ya ƙwalo mini kira daga rumfarsa.

"Namadi! Taho ka ji, an tuɓe tobashinka!"

Na saki igiyar bijimin na nufi rumfar. Rediyo na kan tebur kusa da gwangwanin madara, ana ta jero sunaye daga Sakkwato. Gwamna ne ya yi wa majalisar kwamishinoninsa garambawul. Na kasa kunne har aka kai ƙarshe, ban ji Saminu Maiturare ba. Ma'aikatarsa ta lafiyar dabbobi da gandun daji an ba wani Haladu, mutumin Anka.

Wanda bai san yadda ake haɗa wannan majalisa ba, ya je ya ga watanda ranar jajiberin salla. Sa ɗaya ne, masu kashi da yawa, kuma kowa idonsa na kan tozo. A wannan karo an ɗauke na ƙasar Gwandu daga ilimi an kai shi ayyuka, an kawo wani likita daga Zuru an ba shi lafiya, na Argungu ya riƙe gona, sannan aka sa mace guda, shugabar wata makarantar 'yan mata, abin da ya sa tsofaffin rumfar suka yini suna salati. Mu kuwa, Anka da Gummi da Bukkuyum, kashi ɗaya ake ba mu mu uku. Gummi ta ci a zamanin soja, Bukkuyum ta ci da Maiturare, yanzu an ce layi ya zo kan Anka. In don gaskiya ne, rabon ya yi. Sai dai gaskiya ba ta cika daɗi ba ranar da aka ɗauke kwanon daga gabanka.

Maiturare taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Wannan ya ba ni lasisin zaginsa tun muna yara, kuma ban taɓa barin lasisin ya mutu ba, ko da ya zama mai tuta a gaban mota. Ubansa mai sayar da turare ne a Bukkuyum. Uwarsa, Inna Hamsatu, Bafillatana ce, kuma da mijin ya rasu sai ta tattara ƙorenta ta koma rugar yayanta Arɗo Tsoho, bayan Nasarawa Burkullu, inda aka binne cibiyarta. Shi kuwa ɗan ya yi kwalejin horon malamai, ya koyar, siyasa ta zo ta ɗauke shi. Mutum ne mai sanyi har ya ba ka haushi. Za ka zo masa da wuta, ya saurare ka har ka ƙone kai kaɗai.

Ba kujerar ce ta sa gabana ya faɗi ba, burtali ne. Hanya ce da shanun rugar ke bi zuwa makiyaya da mashaya a bakin gulbi. Da rani ba wanda ya damu da ita, gonaki fayau, ko'ina hanya ne. Da damina kuwa ita ce maƙogwaron ruga. Kowace shekara manoma na gutsurar ta, kunya ɗaya bana, biyu baɗi, har ta kai saniya mai ciki ba ta wucewa sai ta taɓa geron wani. Daminar da ta gabata an yi rotse, jini ya zuba ta kowane ɓangare. Arɗo Tsoho ya rantse in ruwa ya sake sauka hanya na toshe, zai kwashe rugar su yi kudu, ƙasar Borgu, ba dawowa. Inna Hamsatu ta ce inda shanu suka sa gaba nan za ta, ko da a hanya za ta cika. Ina wurin lokacin da Maiturare ya durƙusa gabanta ya ce ba za ta bar ƙasar ubanta ba yana raye.

Ya kama aikin kafa turakun siminti hagu da dama, don kowa ya san iyakarsa. Ya kafa rabi, sauran na jibge a bakin hanya, garambawul ya same shi. Rabin da ya rage kuwa ta tsakiyar gonar Alhaji Maikuɗi ya ratsa, kuma ko yaron goye ya san Alhaji Maikuɗi ne ya ɗauki Haladu a kafaɗa har ya kai shi Sakkwato. Ga shi hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Washegari na hau babur zuwa Bukkuyum. Ƙofar gidan Maiturare ta cika kamar gidan makoki. A ƙasarmu in an sauke naku jaje ake yi, kuma ba a taka ƙafa gidan wanda ya gaje shi. Wanda ya je barka ya zama munafuki, jikokinsa ma sai an goranta musu. 'Yan jam'iyya na ta kumfar baki, wasu za su tura wakilai gidan gwamnati, wasu za su canja sheƙa kafin la'asar. Ni ma na zuba nawa, don ba a bar ni baya a irin wannan ba.

Can sai ga shi ya fito da 'yar shara, fuskarsa kamar wanda ya tashi daga barcin rana.

"Na gode da jaje," in ji shi, "amma ba wanda yam mutu. Kujera ta Gwamna ta. Ya ba ni aro, ya amshi kayanai. Gobe in Allah ya so ni ka zuwa Anka barka."

Wurin ya kaure da hayaniya. Wani dattijo ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi ko sallama babu.

Na ce, "Tobashi, ashe nonon da kash sha bai bar maka zuciya ba? An tsige ka awa kaza, kuma kai ka kai kanka tukunya?"

Ya ce, "Kai dillali, bakinka ya hi aikinka. Samo muna motad da ka ɗaukar saniya, kai ka rakiyata."

Da yamma muka isa ruga, shanu na dawowa. Ya shiga garke ya fito da Wule. Karsana ce fara mai haske a goshi, zuriyar saniyar da aka ba shi ranar suna, kuma ita ce Inna Hamsatu ke ba gishiri da tafin hannunta. Na ga shanu a rayuwata, aikina ke nan, amma Wule in ta tsaya sai ka ji kunyar taya ta.

Tsohuwar ta bar dambun da take yi ta matso. "Ina za ka da nagge?"

"Anka, Inna. Haɓɓanaye ni ka kai ma Haladu."

Haɓɓanaye al'adar Fulanin nan ce. Ka ba mutum karsana aro, ta haihu sau uku a hannunsa, 'yan maruƙan nasa ne, uwar ta koma gida. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, kuma wanda ya karɓa zai kula da ita fiye da tasa. In ta mutu ba wanda zai ce ya biya, amma in yunwa ce ta kashe ta, shi da ɗaga kai a cikin mutane har abada. Aboki ake ba, ko ɗan'uwan da ya rasa. Ban taɓa jin an ba wanda ya ƙwace maka kujera ba.

Inna Hamsatu ta ce, "Wanda yag gaje ka?"

"Shi."

"Ya san mi a haɓɓanaye?"

"Ya sani. Kusa ga ruga yag girma."

Ta ce, "To ji nan, Saminu. Ba a ba da ita da baƙar zuciya. In akwai ko kaɗan, mai da ta garke."

Ya sunkuyar da kai, yana shafa wuyan karsanar. "Jiya akwai, Inna. Yau babu."

Ta shiga bukka ta fito da sabuwar igiya da ta tufka da kanta, ta ɗaura wa Wule. Arɗo Tsoho ya ɗauki sandarsa ya ce da shi za a je, don ba a kai haɓɓanaye ba shaida.

Anka ranar kamar salla. Makaɗa sun toshe lungun gidan Haladu, maroƙa na ta wasa shi da kirarin da jiya-jiya na Maiturare ne, suna kawai suka canja. An ɗaure ragunan barka a gindin bishiyar bedi, mahauta na ta aiki, tukwane na tafasa. Maiturare da Arɗo suka shiga zaure gaisuwa, suka bar ni da sauke Wule daga akori-kura.

Ƙafarta na taɓa ƙasa matasan jam'iyya suka ɗauki sowa. "Bukkuyum ta yi mubaya'a! Ga na miya sun kawo!" Kafin in buɗe baki mahauta sun kewaye ta, ɗaya ya kama ƙaho, ɗaya na neman ƙafar baya da igiya, babbansu na wasa wuƙa. Ban ga laifinsu ba sosai. Ɗan birni in ya ga saniya a ƙofar mai sabon muƙami, ba abin da yake gani sai romo. Na rungume wuyan Wule ina ihu, hulata ta faɗi aka tattake ta, wani ya ce dillali ne, la'adarsa yake nema.

Hayaniyar ce ta fito da mutanen zaure. Haladu na gaba, dogo, siriri, da tabarau, babbar rigarsa na ƙara don sabunta. Ya dubi karsanar, ya dubi sabuwar igiya a wuyanta, ya waiwaya ya dubi Arɗo Tsoho da ke dogare da sanda. Na ga lokacin da fuskarsa ta canja.

"Ku saki saniyag ga!"

Alhaji Maikuɗi na bayansa, ƙato, yana jan carbi. Ya ce, "Bar su su kada ta, Kwamishina. Nama nama na, jama'a na da yawa."

"Alhaji, wagga ba ta yanka ba ta."

Maiturare ya karɓi igiyar daga hannuna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya yi wa Haladu barka, ya yi masa addu'ar gamawa lafiya, ya ce ga Wule ya kawo masa haɓɓanaye, Arɗo Tsoho ne shaida. Makaɗa suka tsaya. Tsofaffin Anka da suka san abin suka fara gyaɗa kai, matasa na tambayar juna.

Haladu ya matso kusa, ya rage murya. Ni dai ina nan gindin saniyar, kunnena bai toshe ba.

"Malam, ba ni da garke."

"Na sani."

"Kuma ba ta saba zaman gari ba."

"Garken Arɗo ɗai tas sani."

"Garken Arɗo kuwa hanya ɗai garai."

"Ita ɗai."

Haladu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Malam, barka kaz zo ko ɗaure ni kaz zo yi?"

"Barka niz zo. Kana iya ƙi, ba ni jin haushi."

Ban san abin da ya ratsa zuciyar Haladu a tsayuwar nan ba. Abin da na sani shi ne yana da mafita, kuma ya san da ita. Yana iya karɓa ya tura ta wani garke can gabashin Anka, Fulani nawa ne za su yi rububin riƙe saniyar kwamishina? Da ya fita kunya, kuma bai taɓa gonar kowa ba. Ya sa hannu biyu ya karɓi igiyar, ya yi godiya irin wadda ake yi, sannan ya juya ya miƙa ta ga Arɗo Tsoho.

"Arɗo, ga amanata. A mai da ta inda tas saba."

Carbin Alhaji Maikuɗi ya tsaya cak. Ni kuwa tun daga ranar na daina kiran Haladu yaron Alhaji.

Ruwa ya sauka. Alhaji Maikuɗi bai ɓata lokaci ba, ya turo tarakta ta kafce gonar har da abin da ya rage na burtali, aka shuka gero daga wannan gefe zuwa wancan, ya zuba masu gadi da sanduna. Turakun siminti na nan jibge, ciyawa ta fara rufe su. Daga Sakkwato shiru kake ji. Aka ce sabuwar majalisa na ta zama, ana raba ofisoshi da motoci, ana gardamar wa zai zauna kusa da Gwamna.

Gonaki suka kewaye ruga ta ko'ina. Shanu suka cinye abin da ke kusa har ƙasa, suka koma lasar turɓaya, ga ciyawa can bakin gulbi tana ta ɓaci. Saniya ta rame da damina, wannan ko a mafarki ba daɗi. A Bukkuyum kuwa Maiturare ya zama abin nuni: ya rasa kujera, ya rasa saniya, biyu babu. Ni ma na tsokane shi da haka, amma tsokanar ba ta yi mini daɗi a baki ba, don na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce ya je Sakkwato ya tuna wa Haladu. Ya ce wanda aka ba amana ba a bin sa da tuni.

Arɗo Tsoho ne ya kira ni. Ya ce ya sa mata su fara kwance bukkoki, amma al'ada ba ta yarda a tashi da saniyar mutum ba a gaya masa ba. Na sami Haladu a Anka ran Juma'a, ya zo gida, zaurensa cike da masu neman kwangila. Na jira har aka sarara, na isar da saƙo: ruga za ta tashi ranar Litinin, kuma Wule ta rame.

Bai tambayi ruga ba. Ya ce, "Ta rame?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, haƙarƙarinta na waje. In kag gan ta ba ka shaida ta."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce in gai da Arɗo. Na fito ina tsaki a zuci, na ce an yi asarar man babur.

Ran Litinin da hantsi an gama ɗaure kaya a kan takarkarai da jakuna. An ɗora Inna Hamsatu a kan jaki, ƙorenta a raga ta gefe. Maiturare na tsaye ya riƙe akalar jakin. Uwar ba ta ce masa ina alkawari ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ni da na zo da bakina cike da magana, sai na ji ƙwalla na neman ba ni kunya.

Sai muka ji ƙugin mota. Fijo ce mai tuta, ta kafe a taɓo tun daga nesa, ga wata babbar mota a bayanta cike da lebura da diga da shebur. Haladu ya fito ya tako da ƙafa, takalmansa na birni na nutsewa. Ya gai da Inna Hamsatu a durƙushe, ya gai da Arɗo, ya ce a kawo masa saniyarsa. Aka kawo Wule, ya dube ta. Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, ya naɗe ƙafar wando, ya kama igiya ya nufi turken siminti na ƙarshe, inda geron Alhaji Maikuɗi ya fara.

Labari ya riga shi isa. Masu gadi sun yi sahu da sandunansu, Alhajin da kansa na tsakiya, an riƙa masa laima.

"Haladu! Gerona kaka shirin takawa?"

"Burtali ni ka bi, Alhaji. Nan yab bi tun kakanninmu, kai ma ka sani."

"Wa yak kai ka kujerag ga da kaka taƙama da ita?"

"Kai na, ban musu ba, kuma ban mance ba. Abin da munka taka na gero, rumbuna na Anka, a auna a biya ka. Amma saniyag ga amana ta. In yunwa ta kashe ta hannuna, wa ka sake ba ni amana? Ko kai ba ka ba ni."

"Gobe ina Sakkwato. Yadda nis sa anka naɗa ka, haka ni ka sa a tuɓe ka."

Haladu ya nuna Maiturare da haɓa. "Ga wanda anka tuɓe can tsaye, Alhaji. Bai mutu ba."

Ya ja igiya ya sa ƙafa cikin gero. Masu sanduna suka dubi juna. An ɗauke su ne su doki Bafillace, ba wanda ya gaya musu yadda ake yi da kwamishina mai jan saniya. Sahun ya buɗe. Wule ta bi shi tana miƙa wuya, ta jiyo ƙamshin ciyawar gulbi. Arɗo Tsoho ya ɗaga sanda, makiyaya suka saki garke, suka tsare hagu da dama yadda ko saniya ɗaya ba ta zarce faɗin tsohon burtali ba. A bayansu lebura na haƙa suna kafa turaku. Alhaji Maikuɗi ya shiga motarsa ya buga ƙofa.

Na waiwaya na ga Inna Hamsatu na ƙoƙarin sauka daga jaki, ɗanta ya tare ta. Ta dubi matan da suka yi cirko-cirko ta ce, "Mi kuka jira? Ku sauke kaya."

Na ce wa Maiturare, "Tobashi, ashe kai mugun dillali na, ka sai da saniya ka sayi kwamishina."

Ya ce, "Ban saye shi ba. Mutum na tun can, igiya ɗai nim miƙa mai."

Alhaji Maikuɗi ya cika alkawarinsa, don shi ma ba ya magana biyu. Da aka sake garambawul sai muka ji a rediyon mai shayi an mai da Haladu kwamishinan ayyuka na musamman, wato ofis da tebur da fanka, ba aikin fari bare na baƙi. Amma turaku sun riga sun shiga ƙasa, siminti ya kama, kuma wanda ya gaje shi bai ga ribar tone su ba.

Bayan nan ciwon bushiya ya shigo ƙasar. Wanda bai ga wannan shekara ba kada ya roƙi gani. Shanu na faɗuwa kamar ana kaɗe ganye, kara ta zama kufai, ni kaina sai da na koma dillancin awaki. Garken Arɗo Tsoho ya koma abin da yaro ɗaya zai kora. Na Maiturare ko ɗaya ba ta tsira ba. Wule ba ta cikinsu, don Haladu na jin ƙishin-ƙishin cutar ya turo mota aka kwashe ta da 'ya'yanta zuwa Anka, aka yi musu allura, ya ɗaure su a tsakar gidansa. Saniyar da aka ce ba ta iya zaman gari ta koyi cin harawa da dusa, iyalinsa na ta mitar ƙuda yana toshe kunne. Ana cikin haka soja suka karɓi mulki, majalisar kwamishinoni ta watse gaba ɗaya, da na Gwandu da na Zuru da malama, kowa ya kama gabansa.

Maiturare ya koma riƙe alli. Talauci ya taɓa shi, amma girman kan Fulanin uwarsa ya hana shi karɓar ko ƙwayar hatsi daga hannun kowa. Na kai masa buhun gero ya sa aka mayar mini har gida. Abin da ke cin sa shi ne tsohuwar. Idonta ya tafi, kuma matar da ta yi rayuwarta a kan nono yanzu da ruwa ake dama mata fura.

Wata safiya bayan kaka Haladu ya aiko in same shi a bakin gulbi, inda burtali ya fara. Na tarar da shi da 'yar shara da hular kaba, ba mota ba tuta, ya riƙe Wule da sabuwar igiya, ga buhun kanwa da ƙunshin goro a kan jaki. Ta yi haihuwa ta uku, hantsarta cike, 'yar maraƙa mace na bin ta a baya. Daga Anka ya tako da su, yana kwana a hanya. Na ce ai da ya jira a yaye maraƙar, haka ake yi. Ya ce ya ji labarin furar tsohuwa.

Muka bi burtali tsakanin turaku har ruga. Maiturare na can, ya zo duba uwarsa. Haladu ya miƙa masa igiyar Wule da hannu biyu a gaban Arɗo Tsoho, ya yi godiyar shekarun da ta yi a hannunsa. Maiturare ya karɓa. Sannan ya dubi maraƙar.

"Wagga taka ta. Ka koma da abarka."

Haladu ya zaro wata 'yar igiya daga aljihu, ya ɗaura wa maraƙar a wuya, ya ɗaga murya yadda duk ruga za ta ji. Ya ce ga haɓɓanaye ya kawo wa Malam Saminu, Arɗo ne shaida.

Na fashe da dariya har da riƙe ciki. Maiturare ya dubi igiyar, ya dubi Haladu.

"Haladu, amana kaz zo maidowa ko ɗaure ni kaz zo yi?"

"Kana iya ƙi, Malam. Ba ni jin haushi."

Ya karɓa, da hannu biyu.

Wule ta yi kuka, sai muka ji motsi a bukka. Inna Hamsatu ta fito tana lalube, aka kama hannunta aka ɗora a goshin saniyar. Ta shafa fuskar, ta shafa wuya, ta gangara har hantsa.

"Ta ina kunka biyo da ita?"

Haladu ya ce, "Ta burtali, Inna."

"Ya ishe ta?"

"Ya ishe ta, har da ɗiyarta gehe guda."

Tsohuwar ta durƙusa a gindin saniyar, ta gyara zaninta, ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba.

"Saminu, ba ni ƙwarya."